Yadda Ake Zaɓar Kujerun Tsohuwar Mota Mai Buɗaɗɗen Sama, Su Dace da Zamaninta Su Kuma Yi Daɗin Zama

A Kaduna tsohuwar mota ba baƙuwa ba ce. Garin da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri tun 1975 bai rasa makanikai da masu walda da masu ɗinkin kushin da hannunsu ya faɗa ba. Sai dai ƙananan motocin nan da ake naɗe rufinsu a bar sama a buɗe, irin su MGB da Triumph Spitfire na Ingila da Mercedes SL da Peugeot 504 mai rufin tamfol, suna da nasu hali, kuma wajen kujera aka fi yi musu ɓarna. Mutum ya gama zuba kuɗi a inji da fenti, ƙarfinsa ya ƙare, sai a ce masa ai kowace kujera ma ta yi, a ɗauko ta Corolla daga Panteka a dasa. Motar da ba ta da rufi kuwa cikinta a fili yake, kujerun ne abin da ido ke fara sauka a kai. Bayan munin gani, ga direba ya koma kamar yana bisa doki, kansa ya zarce gilashin gaba, cinyarsa na gogar sitiyari.

Abin da muke so mai irin wannan mota ya riƙe shi ne, kujerar asali idan aka sake gina cikinta yadda ya kamata, ita ce ke mayar wa motar kamanninta, kuma galibi ita ce ta fi daɗin zama. Ciwon bayan da ake ɗora wa tsohuwar kujera, in aka bincika, laifin soson da ya mutu ne da robar ƙasa da ta saki.

Ka fara sanin shekarar motarka

Kada ka dogara da abin da ke rubuce a takardar mota ko abin da mai sayarwa ya faɗa. Nemi lambar shasi a jikin motar da kanka. A MGB mai buɗaɗɗen sama, lambar da ta fara da GHN3 ta 1962 zuwa 1967 ce, GHN4 ta 1967 zuwa 1969, GHN5 kuma daga ƙarshen 1969 zuwa 1979. A Mercedes ɗin da ake wa laƙabi da Pagoda, wadda aka yi daga 1963 zuwa 1971, lamba 113.042 ita ce 230 SL, 113.043 ita ce 250 SL, 113.044 kuma 280 SL.

Shekara na da muhimmanci domin samfurin mota ɗaya kan sauya fasalin kujera sau uku ko huɗu a tsawon shekarun da ake ƙera shi. MGB ta farkon shekarun 1960 gajeriyar kujera gare ta, fuskarta fata, da siririn faifin a gefe wanda sau da yawa launinsa ya bambanta da na fatar, ba majinginar kai, ba hannun kwantar da baya. Daga wajen 1969 aka kawo mai kwantawa, ba da jimawa ba fata ta ba leda wuri. Na ƙarshe-ƙarshe da aka sayar a Ingila daga 1977 yadi ne mai ratsi-ratsi. Majinginar kai kuwa dokar Amurka ce ta tilasta ta ga sababbin motoci daga 1 ga Janairun 1969, shi ya sa motar da aka ƙera don kasuwar Amurka kan zo da ita kafin 'yar'uwarta ta Turai. Idan ka sa doguwar kujera mai majinginar kai a motar 1964, wanda ya san mota daga nesa zai gane.

Ga motocin Ingila, gidan ajiyar tarihin motoci da ke Gaydon na ba da takardar shaida mai nuna launin fenti da na kujerun da motar ta fito da su. Mercedes ma na da katin bayanan kowace mota da lambar launin kayan ciki a kai. In hakan ya yi maka nisa, ɗaga kafet, ka duba ƙarƙashin kujera ko bayan kwalin ƙofa inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Can ake samun guntun leda ko fatar asali da launinta bai koɗe ba. Yanke ɗan ƙyalle kamar faɗin akwatin ashana ka riƙe, shi za ka shiga kasuwa da shi.

Wani abu da ya shafe mu a nan: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, don haka motocin da suka shigo kafin nan da yawansu sitiyarinsu a dama yake. Kujerun hagu da dama ba lallai su zama iri ɗaya ba, hannun kwantarwa da yankan soso ta gefen tudun giya kan bambanta. Idan za ka yi odar wani abu daga waje, kada ka ce "kujerar direba". Ka ce ta hagu ko ta dama, kamar kana zaune cikin motar kana fuskantar gaba.

Masu Peugeot 504 kuma su lura. Mai buɗaɗɗen saman, wadda ta fito a 1969 aka daina ta a 1983, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta ya kuma gina jikinta, ba a haɗa ta a Kakuri ba. Ta fi salun gajarta da santimita 19 tsakanin tayar gaba da ta baya, ƙofa biyu gare ta, kuma dole bayan kujerar gaba ya karyo don a shiga baya. Kujerun 504 salun da suka cika garin nan ba su ne nata ba, ko da an matsa sun shiga.

Buɗe cikin tsohuwar kujera kafin ka yanke mata hukunci

Zame kujerar zuwa gaba ka kwance notunan baya, ka zame ta baya ka kwance na gaba. In sun ci tsatsa, jiƙa su da man kwance noti su kwana, kada ka sa ƙarfi ka karya su cikin bodi. Ɗauki hoto a kowane mataki, ka zuba notuna da wosha na kowace kujera a leda dabam. A MGB za ka tarar da siraran katakai da 'yan zobban ƙarfe a ƙarƙashin relin da kujera ke zamewa a kai. Kada ka zubar. Su ke ɗaga relin sama da kafet, in babu su kujera ba za ta zame ba. In gara ta cinye katakon, kafinta zai yanka maka wani daidai kaurinsa.

Kifa kujerar a kan tebur ka duba abu huɗu.

Firam shi ne na farko. Tsagewa kan ɓoye a inda baya ya haɗu da mazauni, da kusa da ramukan noti. Riƙe saman bayan da hannu biyu ka murɗa. In ya karkace gefe ɗaya, ko ka ji ƙas-ƙas, akwai karaya. Bututun da tsatsa ta huda daga ciki ba a shafe shi da walda a wuce, yanke wurin ake yi a sa sabon bututu mai kauri ɗaya, da ɗan guntu a ciki ya riƙe gaɓar.

Sai abin da ke ɗauke da nauyin mutum. A motocin Ingila faifan roba ne da aka ja da ƙugiyoyi, ko ɗamarar roba da aka saƙa, gwargwadon shekara. Bayan shekara arba'in ko hamsin robar ta bushe ta tsage, mutum ya nutse har ɗuwawunsa na taɓa ƙarfe, gwiwa ta yi sama, ƙugu ya lanƙwashe. Nan ciwon bayan yake. Tsofaffin Mercedes kuwa sifirin ne a ƙasa, a kansa tabarmar zaren da aka haɗe da roba, wadda aka fi sani da gashin doki. In ka ga wani gari mai ruwan ƙasa yana zuba a kafet ƙarƙashin kujera, tabarmar ce ke ruɓewa. Duba sifirin ɗaya bayan ɗaya, musamman na gefen ƙofa inda ake dannawa wajen shiga da fita, nan suka fi karyewa.

Na uku soso. Danna da babban yatsa. In ramin ya zauna bai taso ba, ko ya marmashe kamar busasshen burodi, ya gama aiki. Motar da ta daɗe a ajiye kuwa sau da yawa ɓeraye sun riga sun yi gida a ciki.

Na huɗu reli da hannun kwantarwa. Wanke su da kananzir, ka duba haƙoran makulli. In sun cinye, kujera za ta iya zamewa da kanta lokacin da aka taka birki da ƙarfi, kuma wannan ba abin da ake haƙuri da shi ba ne.

Idan firam ɗin lafiya yake, ko gyaransa bai wuce walda biyu ko uku ba, to kujerarka ta samu. Tsohuwar rigar kujerar, komai yagewarta, kada a jefar, ita ce ma'aunin da za a yanka sabuwa a kai.

Awo

Ko gyara za ka yi ko sauyawa, tef da takarda ne farkon aiki. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ke sa a sayi kujera mai kyau ta ƙare a jingine a bangon gareji.

Auna faɗin ƙasa daga tudun giya zuwa dokin ƙofa a wuri uku: gaba, tsakiya, baya. Tudun kan yi faɗi ta gaba, don haka mafi ƙanƙantar lamba ita ce taka. A ƙananan motocin Ingila sau da yawa za ka ga abin bai wuce santimita 45 zuwa 50 ba, alhali kujerar salun ta zamani ta fi haka. Rufe ƙofa ka sake aunawa a daidai kafaɗa, ka lura da hannun ɗaga gilashi da birkin hannu, kowanne na son sararin yatsu.

Auna tazarar ramukan noti, gaba da baya, hagu da dama, ka zana su a kwali ka huda. Da wannan kwalin ake zuwa kasuwa, a kifa kujera a ɗora a gani.

Sai tsayi, wanda ya fi komai wahalar gyarawa. Ɗaga rufin ka ɗaure shi kamar za a yi ruwa. Zauna a kan kujerar, ko a kan katako da soso da ka jera daidai tsayin da kake tsammani. Tsakanin kanka da ƙarfen rufi a samu aƙalla santimita 5, wato kamar yatsu uku. Kuma ka auna da hular da ka saba sawa. Zanna ko kube na ƙara wa mutum abin da ya kai santimita 8 zuwa 10, wanda maƙeran Ingila da Jamus ba su lissafa da shi ba. Idonka ya kasance yana kallon tsakiyar gilashin gaba ko ɗan sama kaɗan. In ƙarfen saman gilashin ya tsaya maka a ido, ko kana leƙen titi ta samansa, kujerar ta yi tudu, iska da ƙurar hunturu za su dinga dukan fuskarka kai tsaye.

Taka kuloci har ƙasa. Gwiwa ta rage da ɗan lanƙwasa, ƙugu kuma kada ya bar jikin kujera. Miƙa hannu ɗaya, kafaɗa na jingine, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari. Tsofaffin sitiyari manya ne, na MGB ta farko inci 16 da rabi ne, don haka sa tafin hannu tsakanin cinya da ƙasan sitiyarin. In bai shiga ba, ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki zai zama aiki. Kusurwar da ke tsakanin mazauni da baya, digiri 100 zuwa 110 ita ce jiki ya fi jurewa a doguwar tafiya.

Na ƙarshe, naɗe rufin a hankali kana kallon inda ƙarafansa ke bi. Doguwar kujera kan tare su, ko gilashin roba na baya ya gogi majinginar kai ya yi zane. A MGB batir na bayan kujeru ƙarƙashin wani murfi, guda biyu masu bolt shida-shida a motocin kafin 1974, saboda haka dole bayan kujera ya iya karyowa gaba. Kujerar tsere da baya da mazauni suke a haɗe za ta hana ka kaiwa gare su.

In kujerar asali ta ɓata

Hanya mafi kyau ita ce neman firam na irin motar, ko da tsirara ne ba soso ba riga. Ga MG da Triumph da Mercedes SL har yau ana ƙera soso da roba da riguna sababbi a Ingila da Jamus da Amurka, a kan yankan asali. Firam ne mai nauyi da tsadar dako, sauran kayan kuwa kwali ɗaya ya ɗauke su.

Hanya ta biyu kujerun da ake ƙerawa sababbi a kan fasalin da: gajeren baya mai zagaye, layukan ɗinki a tsaye. Recaro, kamfanin kujeru na Jamus, ya fitar da kujerar motar wasa ta farko a 1965, don haka irin nasa na da ba baƙo ba ne a motar Jamus ta shekarun 1970, amma a motar Ingila ta 1963 bai zauna ba.

Ta uku aron kujera daga wata mota. Wadda masu MG da Triumph suka fi amfani da ita ita ce ta Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, saboda siririya ce kuma ƙasa-ƙasa take. Tana da daɗi, tana kuma kare wuya, amma ba ta yi kama da ta 1965 ba ko an yi mata riga mai layuka. Wanda zai riƙa hawa motar kullum cikin cunkoson Ahmadu Bello Way, muna ganin yana da hujjar zaɓar ta, domin karo ta baya ba tare da majinginar kai ba na iya yi wa wuya mummunan lahani. Sharaɗin shi ne kada a yanka bodi, kada a huda sabon rami in akwai makawa, a ƙera ƙarfen haɗi wanda zai hau ramukan asali, a kuma adana tsofaffin kujerun a wuri busasshe. Majinginar kai kuma in za a sa, samanta ya kai aƙalla saman kunne, tazararta da ƙeya kada ta wuce yatsu uku. Wadda ta tsaya a wuya illarta ta fi amfaninta.

A kasuwar kayan Beljiyam, guji duk kujerar da ka ga waya mai kan rawaya a ƙarƙashinta, alamar jakar iska ce ko abin tsuke bel mai fashewa. Guji mai lantarki ma. Nauyinta ya ninka na asali, tana da tudu, tsohon dinamo mai ba da amfiya 22 ba zai ji daɗinta ba, kuma motocin Ingila da yawa na kafin 1968 wayar batirinsu ta fositif ce ke haɗe da bodi, akasin na yanzu.

Fata ko leda

Bi abin da motar ta zo da shi, sannan ka yi la'akari da Kaduna. Daga Maris zuwa Afrilu baƙar leda da aka bari a rana na iya haura digiri 60, ta ƙona cinya ta cikin wando. Agusta da Satumba ruwa na samun hanyar shiga kowane rufin tamfol. Hunturu kuma na tsotse man fata har ta tsage. In motar ta fito da launi fiye da ɗaya a shekararta, ɗauki mai haske, ruwan ƙasa ko ruwan toka ko ja. In baƙi ne asalinta kuma kana son ka tsaya a kai, to a ɗinka mata murfin tamfol da ake rufe ciki da shi in an yi fakin.

Leda ba abin rainawa ba ce. Mercedes da yawa da ledar kamfanin mai suna MB-Tex suka fito, kuma ta fi fata jure rana da ruwa nesa ba kusa ba. Nemi leda mai saƙaƙƙen yadi a baya wadda ke ɗan miƙewa, in da hali irin ta jiragen ruwa da aka yi don rana. Ninka gefenta ka matse da farce. In wurin ya yi fari, bar ta. Faɗin bandir yawanci santimita 137 ne, mita 4 zuwa 5 kan ishi kujeru biyu har da faifin.

Fata kuma sai an yi hattara, domin muna ƙasar fata kuma ɗaukar kowace na da sauƙi. Fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, wadda dukawa ke jaka da titimi da ita, kyakkyawa ce amma ba ta kujerar mota ba ce. Ƙarama ce, sai an yi ta haɗi, ruwa na sa ta taurara ta yi tabo, rininta kuma na iya sauka a farar shadda. Abin da ake nema fatar saniya ce ta jimar masana'anta mai rufin launi a sama, kaurin milimita 1 zuwa 1.2. Guda ɗaya cikakkiya kan kai murabba'in ƙafa 45 zuwa 55, ta ishi fuskar kujeru biyu idan gefe da baya leda ne, kamar yadda masana'antun da ma suke yi. Kafin ka biya, jiƙa farin ƙyalle ka goga sau ashirin. In ya ɗauki launi, rigarka ma za ta ɗauka.

Zama da mai ɗinki

Zaɓi wanda zai yarda ya warware tsohuwar rigar ɗinki bayan ɗinki ya shimfiɗa ta a matsayin ma'auni. Ƙirga layukan da ke fuskar kujerar da faɗin kowanne, ku rubuta tare. In shida ne, shida za a yi. Ka gaya masa a fili, "Malam, ba na son ƙarin ado, yadda ta zo nake so ta koma," domin hannun da ya saba da kujerun zamani zai so ya ƙara mata ɗinkin dara ko kumburin gefe.

Soson katifa mai arha shi ke kashe aiki, wata shida ya kwanta. A mazauni a sa mai nauyin kilo 40 zuwa 50 a kowace mita kubik (wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi), a baya kilo 28 zuwa 35, sannan a lulluɓe duka da mai laushi na santimita ɗaya. Nauyin soso ne ke nuna daɗewarsa, tauri wani abu ne dabam, don haka ka tambayi lambar, kada ka tsaya ga dannawa da hannu. Tsakanin sifirin ko roba da soso a shimfiɗa buhun algarara ko kyanbas, in ba haka ba ƙarfe zai yanka soson.

A nan ne ake ɓoye jin daɗi ba tare da an taɓa kamanni ba. Guntun soso mai tauri, kaurin santimita 2 zuwa 3, faɗin tafin hannu, a fiƙe gefunansa a manna a daidai ƙugu, kimanin santimita 15 zuwa 20 sama da mazauni. Kafin a manna, zauna a riƙa matsar da shi sama da ƙasa har ka ji inda ya zauna maka. Gaban mazauni ya ɗan fi bayansa tudu don ya tallafi cinya, amma kada ya danne bayan gwiwa. Dogon mutum a rage masa santimita 2 daga ƙasan soson, ba daga sama ba, don rigar ta zauna yadda take. Sabuwar roba da sabon soso kan ɗaga mutum fiye da yadda ya saba a kan mataccen, saboda haka a gwada cikin mota kafin a ja riga.

Zare ya zama na foliyesta mai jure rana. Na auduga ruɓewa yake, na nailan kuma rana na cinye shi da sauri, sai ka ga leda lafiya ɗinki ya buɗe. Tsawon taki milimita 4 zuwa 5. In ya fi haka ƙanƙanta, allura ta jera ramuka kusa da kusa, ledar ta yage a kan layin kamar takardar rasit. Gam ya zama mai jure zafi. Firam kuma kafin a rufe shi a kankare tsatsa, a shafa fentin kariya, a bar shi ya bushe kwana biyu.

Ɗaurawa

Kujera ba ta fi ƙasan da ta hau ƙarfi ba. Cire kafet gaba ɗaya, ka bi kewayen ramukan noti da bakin sukundireba kana dannawa. Inda ya lotsa ko ya huje, a yanke a walda sabon faranti. Fiba da foti ba sa riƙe kujera. Kafin walda a cire kan batir, kafin huda kuma a leƙa ƙasa, domin bututun mai da na birki da wayoyi na bi ta nan.

In ramukan asali ne, yi amfani da noti irin nasu. Motocin Ingila zaren inci gare su, tura na milimita a ciki na cinye zaren. In sabon rami ne, a sa mai kaurin milimita 8 wanda aka buga 8.8 a kansa, huɗu ga kowace kujera, a ɗaure kusan 25 Nm da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ta ƙasa a tara faranti mai kaurin milimita 3, faɗinsa kamar santimita 6 da rabi kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa don kada su yanka bodi. Wannan shi ne ma'aunin da ake bi a motocin tsere. Jeren wosha ko guntun katako don ɗaga kujera ba ya cikin tsari, sai dai katakon asali da aka ambata, wanda zoben ƙarfe ke ɗaukar nauyin a cikinsa. Reli biyun su kasance a layi ɗaya: ɗaura notunan sako-sako, zame kujerar gaba da baya sau uku, ka tabbatar makulli ya faɗa a kowane mataki, sannan ka tsuke. Giris kaɗan ya isa, mai yawa ƙura yake tarawa.

Bel na da notinsa na musamman, inci 7/16 mai siririn zare, kuma a jikin bodi ake ɗaure shi, ba a jikin tsohuwar kujera ba. Jami'an kiyaye haɗurra na kama rashin sa bel tun 2003, amma ko ba don su ba, mota marar rufi ita ta fi kowace buƙatarsa. Na cinya ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba. Na kafaɗa ya bi ta tsakiyar ƙashin wuya da kafaɗa. Da yake waɗannan motoci ba su da ginshiƙin tsakiya, maɗaurinsa na baya ne, kuma in ka ɗaga kujera da yawa sai ya koma can ƙasa da kafaɗa, ya riƙa danne mutum ƙasa a lokacin karo. Tsohon bel da rana ta koɗar ko ya fara zare, a sauya shi.

Gwaji da kulawa

Zagayen unguwa ba ya nuna komai. Kama hanyar Zariya, kusan kilomita 80, ka je ka dawo da kayan da ka saba sawa. In babbar riga ce, duba ko tana maƙalewa a hannun kwantarwa ko birkin hannu. Ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, gaban mazauni ya yi tudu. Ciwo a ƙasan baya, guntun ƙugu ya yi ƙasa ko ya yi kaɗan. Kana zamewa gaba in an taka birki, mazaunin ya kwanta da yawa, ko an shafa wa ledar man ƙyalli. Ka koma wurin mai ɗinki da wuri, cikin makon farko gyaran soso ba ya ɗaukar fiye da yini. Bayan tafiyar ka sake bin notunan da sifana, sukan ɗan saki idan kafet ya kwanta.

Leda ruwa da sabulu mai laushi sun ishe ta. Fata a share ƙura da ɗanyen ƙyalle tukuna, sannan a shafa man gyaran fatar mota sau ɗaya kafin hunturu ya shiga a Nuwamba, sau ɗaya bayan ya fita. Man kaɗanya da man gyaɗa ba sa ratsa rufin launin, zama suke a sama su kama ƙura su toshe ɗinki. In ruwan sama ya shiga motar, kada a rufe ta da tamfol a tafi. A ɗaga kafet, a zame kujerun zuwa baya, a buɗe ƙofofi a inuwa har sai tafin hannu ya daina jin danshi a ƙarƙashin soso, wanda a watan Agusta kan ɗauki kwana biyu zuwa uku.